Wata biyar ina ɗaga ƙananan ƙarafa a tsakar gida

Bayan Babbar Sallah na sayi ƙarafan motsa jiki guda huɗu a wani shago da ke kasuwar Wunti a nan Bauchi, biyu masu kilo 3, biyu masu kilo 5. Iya abin da aljihuna ya ɗauka ke nan. Da yayana ya gan su sai ya ce, "Ƙanena, waɗannan ba za su fito maka da ƙwanji ba."

Satin farko na kusa yarda da shi, don ina yin goma-goma ina ajiyewa, ko gumi babu. Da na sauya salo ne aikin ya kankama. Ƙarfe mara nauyi sai an matsa masa: ka yi ta ɗagawa, 20 ko 30, har hannu ya ƙi tashi. Wajen saukewa kuma kada ka sake shi ya faɗo, ka ƙirga uku a zuci kafin ya kai ƙasa. A ɗagawar ƙarshe, lokacin da damtse ke zafi kamar an zuba barkono, a nan tsoka ke samun dalilin ƙaruwa. Kwana uku nake yi a mako, bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe.

Kafaɗa da damtse sun amsa sosai. Hannun rigata ta yadi yanzu yana kama ni, kuma jarkar ruwa mai lita 25 ta daina ba ni wahala daga bakin famfo zuwa ɗaki. Ban sayi garin ƙarin jiki ba. Ƙwai biyu da safe, wake ko awara da rana, kindirmo in ya samu.

A ɓangaren ƙafa ne ƙarafan ba su gamsar da ni ba. Cinya tana da ƙarfi, kilo 10 wasa ne a wurinta. Dole na koma tsuguno da ƙafa ɗaya, ɗayar a kan benci ta baya, duk da haka cikin wata biyu na fi ƙarfinsu. Gadon baya ma haka.

Wani abin da ya ɓata mini rai shi ne robar da aka lulluɓe su da ita. Ta fara ɓarewa tun wata na uku, kuma in tafin hannu ya jiƙe santsi take yi, sai na naɗa tsumma.

Mai farawa ya saya, zai ci moriyarsu. Ni dai yanzu ina tara kuɗin masu faifai waɗanda ake ƙara wa nauyi, masu kilo 3 kuma uwargida ta riga ta karɓe su.