Gozo ko Hydra: amsa ga mai shirin tafiya da kyamara

Wani ɗan'uwa ya ce yana da hutun kwana huɗu a watan Afrilu, yana so ya ziyarci wani ƙaramin tsibiri a Bahar Rum domin ya huta kuma ya ɗauki hotuna, amma ya rasa wanda zai zaɓa tsakanin Gozo ta ƙasar Malta da Hydra ta ƙasar Girka. Malam, shawarata ita ce ka nufi Gozo, sai dai idan dama hanyarka ta Atina, babban birnin Girka, za ta bi kuma kwana biyu kaɗai za ka iya warewa, to a nan Hydra ce ta dace da kai.

Abin da ya fitar da sunan Hydra shi ne hana ababen hawa. Babu motar haya, babu babur, ko keke ba a yarda da shi ba, in ban da 'yan motocin hukuma irin na kwasar shara. Jirgin ruwa mai gudu yana tasowa daga tashar Piraeus da ke kusa da Atina ya iso cikin kusan awa biyu, kuma da zarar ka sauka alfadarai da jakuna za ka tarar a jere suna jiran kaya, tun daga akwatunan baƙi har buhunan siminti. Garin ya kewaye bakin tashar ya hau kan tudu hawa-hawa, da manyan gidajen dutse waɗanda attajiran masu jiragen ruwa suka gina kafin yaƙin neman 'yancin Girka na 1821, yaƙin da mutanen tsibirin suka ba wa jiragensu da dukiyarsu, kuma ɗansu Andreas Miaoulis ya jagoranci mayaƙan ruwa a cikinsa. Ga mai ɗaukar hoto wannan babbar garaɓasa ce, domin duk inda ya juya ba zai ga motar da aka ajiye ta tare masa ƙofa ko lungu ba. Da yamma sai ya bi hanyar bakin teku zuwa ƙauyen Kamini, ya sami rana tana faɗuwa bayan duwatsun babban yankin Girka.

Matsalarta ita ce kusan duk abin da ke ɗaukar ido yana cikin wannan gari ɗaya ne mai mutane wajen 2,000. Sauran tsibirin dutse ne da ƙeƙasasshen tudu, kuma wanda yake son hoton garin daga sama, dole ya hau da ƙafa zuwa gidan ibadar Kirista da ke can kusa da ƙololuwa mai sunan Annabi Iliya, hawan da ba ya yi wa mai ciwon gwiwa daɗi, balle yana saɓe da jakar kyamara. Da tsakar rana kuma jiragen masu yawon yini guda sukan juye jama'a a tashar, don haka wanda bai kwana ba ba zai ga garin a natse ba. A ganina, zuwa rana ta uku mutum zai fara maimaita hotunan da ya riga ya ɗauka.

Gozo ba ta miƙa maka kyawunta a wuri ɗaya, sai ka tashi ka nema. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 67 ne, mutanenta sun kusa 40,000, kuma manoma ne da masunta da ma'aikata waɗanda harkarsu ba ta rataya a kan baƙi kaɗai ba. Daga Cirkewwa da ke arewacin Malta jirgi yana tsallakawa zuwa tashar Mgarr cikin minti 25, akwai kuma mai gudu daga Valletta da ke cin kusan minti 45. A Afrilu gonakinta suna nan kore shar saboda ruwan hunturu, abin da mai zuwa a Agusta ba zai gani ba, kuma dutsen da ake gini da shi yana da launin zuma wanda yake ƙara armashi idan hantsi ko hasken la'asar ya sauka a kansa.

Wurin da zan fi so ka ba lokaci shi ne Xwejni, kusa da Marsalforn a gaɓar arewa, inda aka sassaƙa ɗaruruwan ƙananan ramuka marasa zurfi a kan shimfiɗaɗɗen dutse, jere kamar fangalin lambu, ana cika su da ruwan teku rana ta busar a kwashe gishiri. A watannin zafi ake kwasar gishirin, saboda haka a Afrilu ba lallai ka sami tulinsa ba, amma idan ka isa kafin fitowar rana, kuma iska ta kwanta, kowane rami zai ɗauko launin sararin sama, sai ka durƙusa ka sauke kyamara kusa da ƙasa. Kada ka taka cikin ramukan, domin abincin wasu iyalai ne kuma akwai allunan gargaɗi.

Daga nan akwai ganuwar Cittadella a tsakiyar birnin Victoria, wanda mutanen gari har yau suke kira Rabat, inda ake hango kusan dukkan tsibirin. A nan mutanen Gozo suka fake a 1551 lokacin da rundunar Daular Usmaniyya ta Turkawa ta kawo hari ta kwashe kusan dukkansu zuwa bauta. A gidan kayan tarihin da ke cikin ganuwar akwai dutsen kabarin wata Musulma mai suna Maimuna, da rubutun Larabci na shekarar 1174, shaidar zamanin da Musulunci ya yi a waɗannan tsibirai, wanda kuma har yanzu ake jin gurbinsa a harshen Malta. Akwai gine-ginen Ggantija da aka fara tun wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, wato sun girmi dalar Masar, sai gaɓar Ramla mai jan yashi. Amma ka lura, shahararriyar tagar dutsen nan mai siffar baka ta gaɓar Dwejra da har yanzu ake tallata Gozo da hotonta ta rushe cikin teku a ranar 8 ga Maris, 2017. Wurin yana da kyau da faɗuwar rana, sai dai abin da ke cikin tsofaffin hotunan babu shi.

Wahalar Gozo ta zirga-zirga ce. Yawancin motocin bas daga Victoria suke tashi kuma can suke komawa, ba su kuma dace da mai farautar hasken asuba ba, saboda haka hayar mota ta fi, muddin ka tuna cewa ta hannun hagu ake tuƙi a Malta, saɓanin yadda ka saba a gida. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne Turanci harshen hukuma ne a can, don haka tambayar hanya ko tambayar abin da aka saka a cikin abinci ba za ta gagara ba, kuma kifi da cuku da burodi sun wadata ga mai kaffa-kaffa da nama.

Ƙasashen biyu suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, kuma da Yuro ake ciniki, amma a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake neman biza, don haka ka yanke shawara kafin ka cike takarda. Soket ɗin Malta mai baki uku ne irin na Najeriya, na Girka kuwa mai baki biyu ne, sai ka tanadi abin haɗi domin cajin batir. Idan kuma kana da niyyar tafiya da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, dokar Tarayyar Turai ta wajabta yin rajista kafin ka tashe shi a ko wanne daga cikin tsibiran biyu.