Katakon da zai ɗauki tankin ruwan gishiri mai nauyin kusan tan guda

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya hunturun Ringim, ya yaran shago? Ka ce in ba ka labarin aikin kafinta a nan Ingila. Aiki guda zan ba ka labarinsa, don shi ne ya tsaya mini a rai, kuma ina so ka karanta wa yaran.

Wani mutum a bayan garin Landan ya ba mu aikin mazaunin tankin kifi. Tankin na gilashi ne, a falo za a ajiye shi, tsawonsa santimita 180, faɗi 60, tsayi 60. Ruwan gishiri ake zuba masa irin na teku, giram 35 na gishiri a kowace lita, ana kiwon ƙananan kifaye masu launi a ciki tare da murjani mai rai. Ruwan ɗumi suke so, wajen digiri 25, shi ya sa ake sa masa hita, ga fitilu, famfo kuma ba ya hutawa dare da rana. Tankin yana cin kusan lita 650, kuma litar ruwan teku ta ɗara kilo ɗaya kaɗan. Gilashin kansa ya haura kilo 100. Ka ƙara duwatsu da yashi da ƙaramin tankin tace ruwa da ke zama a cikin mazaunin, nauyin ya doshi tan guda. Buhun siminti 20 ke nan a kan ƙafafun katako, shekara da shekaru ba saukewa.

A wurin sayen katako ne abin ya ba ni mamaki. Dattijon da ke sayarwa bai tambaye ni guda nawa nake so ba sai da ya tambayi abin da zan ɗora a kai. Da na faɗa masa, ya wuce da ni wani layi daban, ya nuna mini hatimi a jikin kowane falanki, an buga C24. Ashe an gwada ƙarfinsa tun daga masana'anta, kuma ya fi mai hatimin C16 ƙarfi. Ya zaro wata 'yar na'ura mai allura biyu daga aljihu, ya caka a jikin katakon, lamba ta fito tana nuna yawan ruwan da ya rage a ciki. A tanda suke busar da shi har ruwan ya koma ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Sannan ya riƙa ɗaga falankin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe ido guda yana leƙa tsawonsa, duk wanda ya ɗan karkace ko yake da babban gaɓa ya ture shi gefe da kansa. Ban roƙe shi ba, Yaya. Bai san ni ba, bai san ubana ba. Har ƙusar da na ɗauko ya karɓe, ya ce gishiri zai cinye ta da tsatsa, in ɗauki sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa.

A hanya ina ta tuna wahalar da muka sha a gida. Sau nawa aka sauke mana katako daga kudu yana ɗanye, nauyin ruwa kawai, mai sayarwa yana rantsuwa ya bushe? Mu yi ƙofa da shi da damina, hunturu na shigowa ta murɗe, mai gida ya zo shago yana faɗa a gaban yara. Kuma mu ma kafintoci da laifinmu, gaskiya ɗaya ce. "Ai zai yi" ta kashe mana sana'a. Ana ɗora tankin ruwa mai lita 1000 a kan tubaifo (katako mai inci biyu da huɗu) guda huɗu da ƙusa 'yan kaɗan, a tsakar gidan da yara ke wasa, ba wanda ya zauna ya lissafa cewa tan guda ne a sama. In ya rufto a ce tsautsayi.

Kada ka ɗauka komai daɗi ne a nan. Tsadar katakon sai ka riƙe baki, ba ragi, ba "kawo gobe", ba wanda zai ba ka ko falanki ɗaya bashi. Tubaifo ɗinsu ma bai cika inci biyu da huɗun ba, milimita 45 ne da 95, sai dai a rubuce yake kuma duk ɗaya suke. Itacen kuwa laushi gare shi, farce ma yana yi masa alama. Wallahi na yi kewar kirya da maɗaci, na yi kewar azarar giginya da gara ke haƙura da ita. Da itacenmu zai samu irin wannan busarwa da tantancewa, ba abin da za su nuna mana.

Yadda muka haɗa mazaunin, firam biyu muka yi, sama da ƙasa, aka tsayar da ƙafafu a tsakaninsu ta yadda firam ɗin sama ya zauna daram a kan ƙafa. Katako ne ke ɗauke da katako, sukuru da gam riƙewa kawai suke yi. Baya da gefe muka rufe da filawud mai jure ruwa don kada ya yi rangaji. Aka bi ko'ina da fenti har cikin lungu, saboda danshin gishiri. Daidaita saman ne ya fi cin lokaci, don in kusurwa ɗaya ta sauka ko da kaɗan ne, gilashin zai riƙa murɗewa a hankali har haɗinsa ya buɗe.

Batun gadon auren ƙanwarmu da ka ce za ka fara, don Allah ka sayi katakon tun yanzu. Ka jera shi a inuwa, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki iska ta riƙa ratsawa, kada zarto ya taɓa shi sai bayan hunturu. Na sayi irin na'urar nan mai allura, zan ba mai zuwa gida ya kawo maka. A gaida Inna.