Kamfanin gwajin DNA da muka yi wa jaririyarmu: tauraro uku na ba su

Ni da maigidana a Amurka muke zaune, shekara tara ba haihuwa, daga ƙarshe dai muka yi hayar mahaifa, wato wata mata ta ɗaukar mana cikin, a ƙasar Jojiya, a Tbilisi aka haifa mana ita. Na san malamai da yawa ba su yarda da abin ba, wannan kuma wani zance ne daban, ni maganar kamfanin gwajin nake.

Kafin a ba yarinya takardar haihuwa ta ɗan ƙasa, wato CRBA, da fasfo, ofishin jakadancin Amurka suka nemi gwajin DNA, kuma ba kowane lab suke karɓa ba sai wanda AABB, ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan wuraren gwaji, ta amince da shi, kit ɗin ma, wato kayan ɗaukar samfurin, ba a ba ka a hannu, kai tsaye kamfanin ke aika wa ofishin, a can ake goga ɗan auduga cikin kumatun jariri da na uba. Dole sakamakon ya nuna tabbacin alaƙar jini da ya kai 99.5 cikin ɗari.

To aikinsu dai tsaf, sakamako ya fito cikin kwanaki kaɗan, matar da ke amsa waya ma akwai kirki wallahi. Amma fa sun rubuta sunan maigidan ba daidai da na fasfonsa ba, harafi ɗaya tak, sai da muka ƙara sati biyu a otel da jaririya ana jiran gyara, kuɗi na ta zuba. Ko haƙuri ba su ba mu ba, sai imel ɗaya busasshe.