Kwana Huɗu a Oberstdorf: Yadda Muka Zaɓi Wurin Wasan Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara da Abin da Muka Tarar

Shekara bakwai ke nan ina zaune da iyalina a birnin Bonn na ƙasar Jamus, amma sai a watan Fabrairun 2024 na amince na kai su wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, bayan yaranmu biyu, mai shekara 11 da mai shekara 8, sun daɗe suna roƙo saboda labarin da suke ji a bakin 'yan ajinsu. A yankinmu na bakin kogin Rhine, ranar Litinin ta bikin Karneval wadda ake kira Rosenmontag ba hutun gwamnati ba ce a hukumance, amma makarantu da wuraren aiki da dama suna rufewa, kuma a waccan shekarar ta faɗo ranar 12 ga wata. Da na haɗa da hutun Juma'a sai muka sami kwana huɗu cif. Na rubuta wannan sharhi ne domin 'yan uwa mazauna Turai da suke da irin wannan niyya, musamman waɗanda, kamar mu, ba su taɓa ɗora ƙafa a kan allunan zamiya ba.

Zaɓen wurin ya fi tafiyar kanta cin lokacina. Wuri na farko da kowa yake ambata mana shi ne Winterberg da ke yankin Sauerland, domin bai wuce tafiyar awa biyu da rabi a mota daga Bonn ba, kuma wurin ya yi suna wajen karɓar masu koyo daga jiharmu da kuma ƙasar Holan. Abin da ya sa na janye shi ne yanayi. Tudun da ya fi shahara a wajen, Kahler Asten, tsayinsa mita 841 ne kawai, kuma injinan da suke feso dusar ƙanƙara ba sa aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili, alhali tun farkon watan ake fama da ɗumi da ruwan sama. Daga baya hukumar kula da yanayi ta Jamus ta bayyana cewa wannan Fabrairun shi ne mafi ɗumi tun da aka fara ajiye bayanai a 1881. Da haka ne kuma na cire Feldberg na yankin Schwarzwald, wanda ya kai mita 1493 kuma ya fi kusa da mu a kan tsaunukan Alps, saboda tsoron kada mu dogara da dutse guda ɗaya, idan ƙanƙararsa ta narke mu rasa inda za mu nufa.

Wani abokin aikina da ya ƙware a wasan ya dage a kan mu tafi Garmisch-Partenkirchen, kuma hujjojinsa masu ƙarfi ne. A nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin hunturu a 1936, a nan dutsen Zugspitze yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Jamus da mita 2962, kuma tun Disambar 2017 akwai sabuwar motar waya, wato motar da take tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, da take kai mutum ƙololuwarsa cikin mintuna kaɗan. Na yarda da shi cewa babu inda ya kai wurin tabbacin samun ƙanƙara. Sai dai garin ya fi mana nisa, kuma kusancinsa da birnin Munich, wajen kilomita 90, yana nufin a ranakun Asabar da Lahadi za mu haɗu da masu zuwa su koma a yini ɗaya. Maiɗakina ce ta yanke maganar da ta ce: "Maigida, mu da ko tsayuwa ba mu iya ba, me za mu yi da dutsen da ya fi kowane tsawo? Ka nema mana inda ƙaramarmu za ta iya sauka ba tare da kuka ba." Wannan magana ce ta zama ma'aunina, kuma har yau ina ganin ita ce daidai: a ɗan gajeren hutu, wanda ya fi kowa rauni a cikin tawaga shi ya kamata a duba wajen zaɓen dutse, ba wanda ya fi kowa iyawa ba.

Oberstdorf, garin da ke can ƙarshen kudancin Jamus a yankin Allgäu na jihar Bavariya, shi ya cika wannan sharaɗi, domin duwatsunsa hawa-hawa ne. Akwai Söllereck da aka tanada musamman domin iyalai da masu koyo, akwai Fellhorn da Kanzelwand waɗanda hanyoyin gangararsu suka ratsa iyakar Jamus da Ostiriya, sannan akwai Nebelhorn mai tsayin mita 2224. Idan aka haɗa da kwarin Kleinwalsertal, hanyoyin gangarar yankin sun kai kimanin kilomita 130, kodayake wannan adadi bai amfane mu da komai ba, tunda abin da muka taka a duk zamanmu bai fi 'yan kilomitoci kaɗan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, idan ɗumi ya ɓata ƙasa, akwai sama.

Mun tashi ranar Juma'a bayan sallar Asuba, muka bi babbar hanya ta A3 ta wajen Frankfurt har zuwa kusa da Würzburg, daga nan muka karkata kudu a kan A7, muka tsaya a Ulm muka yi sallar Juma'a a wani masallaci, sannan muka wuce Kempten muka hau B19 ta Sonthofen. Tafiyar ta kusan kilomita 600 ce, kuma da tsaye-tsaye ta cinye mana awa tara. Tashi ranar Juma'a ya taimaka ƙwarai, domin Asabar ce ranar da masu hutun mako guda suke sauka wasu kuma suke tashi, ga shi a makon ne ɗaliban Bavariya suke fara nasu hutun. Wanda zai yi wannan tafiya ya tabbata motarsa tana da tayoyin hunturu, domin doka ta wajabta su duk lokacin da hanya take da ƙanƙara ko santsi, kuma tun daga Oktoban 2024 sai masu ɗauke da tambarin dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara kaɗai ake karɓa. Wani sauƙin kuma shi ne, Kleinwalsertal ƙasar Ostiriya ce amma ba a shigarsa da mota sai ta Oberstdorf, don haka babu buƙatar sayen takardar kuɗin babbar hanya da Ostiriya take karɓa.

Mun kama hayar wani ƙaramin gida mai kicin a wani ƙauye da ke wajen gari, kuma ina ba duk mai iyali shawarar ya yi haka maimakon otal, saboda girki da kuma samun sararin yin salla da shanya kayan sanyi. Ƙorafina a nan shi ne, mai gidan bai bayyana kuɗin sharar ƙarshe a fili ba sai a ranar da muka iso, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne idan aka kwatanta da kwana uku kacal da muka yi. Ya kamata mutum ya tambayi jimillar abin da zai biya, har da harajin baƙi da ake karɓa a kan kowane dare, kafin ya tura kuɗin kafin alƙalami.

Safiyar Asabar ce ta fi ba mu wahala. Mun je shagon hayar kaya da ƙarfe takwas da rabi muka tarar da layi har waje, ba mu fito ba sai bayan fiye da awa guda, kuma cikin gaggawa aka ba maiɗakina takalmin da ya matse mata ƙauri, har sai da muka koma da yamma aka canza. Takalmin zamiya abu ne mai tauri da nauyi wanda yake riƙe idon sawu gam, kuma idan bai dace da ƙafa ba babu abin da mutum zai koya sai jimre wa ciwo. Da na sani da mun karɓi kayan tun yammacin Juma'a, a lokacin da ma'aikatan suke da sukunin auna ƙafa da kyau. Allunan, sanduna, takalma da hular kwano duk haya ake bayarwa, amma safar hannu mai hana ruwa shiga, tabarau da wando mai kauri dole mutum ya zo da nasa.

Da muka isa Söllereck sai ran kowa ya yi fari. Gangarar masu koyo tana da faɗi, ba ta da tsananin gangare, kuma akwai wani bel mai tafiya a hankali, irin na filin jirgin sama, wanda yake mayar da yara sama ba tare da sun sha wahalar hawa ba. Mun riga mun yi wa yaran rajista a makarantar koyo tun makonni uku kafin zuwanmu, wanda in ba don haka ba da ba su sami gurbi ba, mu kuma manya muka ɗauki malama guda ta awa biyu. Abu na farko da ta koya mana shi ne yadda ake tsayawa, wato a haɗa bakin allunan biyu ta gaba a buɗe su ta baya, tsayuwar da Jamusawa suke kira da sunan garma saboda kamanninta. Na biyu kuma yadda ake faɗuwa ta gefe a tashi ba tare da an murɗe gwiwa ba. Na ga hikimar wannan tsari, domin tsoron da yake kama babba ba na gudu ba ne, na rashin sanin yadda zai dakata ne, kuma da zarar ƙafa ta gane garmar nan sai jiki ya saki. Zuwa la'asar ƙaramarmu ta sauko gangarar ita kaɗai sau uku, tana isowa tana cewa: "Baba, ka ga ban faɗi ba, gobe a kai ni ta sama." A Turai ana yi wa hanyoyin gangara alama da launi, shuɗi na masu sauƙi, ja na matsakaita, baƙi na gwanaye, kuma a duk zamanmu ba mu wuce shuɗi ba.

Ingancin ƙanƙarar kuwa ya nuna irin shekarar da aka yi. A cikin kwari ciyawa kore shar ake gani, farar hanyar gangara kuma ta ratsa ta kamar an shimfiɗa ƙyalle, yawancinta aikin inji ne. Da safe tana da tauri da santsi, bayan azahar kuma ta yi laushi da nauyi kamar jiƙaƙƙen yashi, abin da yake saurin gajiyar da cinya. Wannan ba laifin masu kula da wurin ba ne, hasali ma na yaba da yadda suke gyara hanyoyin kowane dare. Amma ya koya mini cewa mai koyo ya fi cin riba tsakanin ƙarfe tara da sha biyu.

Ranar Lahadi aka wayi gari da yayyafi a ƙasa, kuma a nan ne zaɓinmu ya biya kuɗin sabulu. Yaran suka yi darasinsu na safe, bayan nan muka ajiye alluna muka hau motar waya ta Nebelhorn, wadda aka sabunta a 2021 kuma tasharta tana cikin gari. Muna wuce tsakiyar dutsen yayyafin ya koma dusar ƙanƙara ta gaske, mai laushi da sauƙi a hannu, irin wadda yaran suka zo nema. Ba mu yi zamiya a can ba domin hanyoyin sun fi ƙarfinmu, amma akwai hanyoyin tafiya da ƙafa da aka share, kuma lokacin da gajimare ya ɗan yaye muka hango jerin ƙololuwa fari fat iya ganin ido. A hanyar dawowa muka leƙa dandalin tsalle na Schattenberg, inda ake buɗe gasar tsalle da allunan zamiya da ake kira gasar tuddai huɗu a ƙarshen kowace Disamba, a garin da ya karɓi gasar duniya ta wasannin Nordik, wato tseren nesa da tsalle a kan allunan zamiya, a 1987 da 2005 da 2021.

Batun abinci yana buƙatar shiri, domin naman alade ya yi yawa a gidajen abincin da ke kan dutse, har a cikin miya da romo. Mu kan tafi da burodi da dafaffen ƙwai da shayi a filas, kuma sau ɗaya muka ci Kässpatzen, abincin gargajiyar yankin da ake yi da ƙullun fulawa da ƙwai da cuku da soyayyar albasa, bayan mun tambaya mun tabbata ba a barbaɗa masa nama ba. Salla kuwa mun yi amfani da rangwamen matafiyi, muna haɗa Azahar da La'asar idan mun koma masauki.

Wasan yana da tsada, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Tikitin yini guda na babba a manyan duwatsun ya kai wajen Yuro 60 a lokacin, ga hayar kaya na mutum huɗu, ga makaranta, ga man mota. Kuskuren da na kusa yi shi ne sayen tikitin kwana uku na dukan yankin tun daga gida. Da na saya da asara ce, domin mai koyo a kwanakinsa na farko ba ya buƙatar fiye da ƙaramin tikitin dutsen da yake koyo a kai.

Hukuncina shi ne, ga iyali masu koyo da suke da kwana huɗu kuma a shekarar da sanyi ya yi ƙaranci, Oberstdorf ya cancanci doguwar tafiyar, kuma zan sake komawa. Amma idan kwana biyu ne kawai, ko kuma hunturu ya kankama sosai, zan zaɓi Winterberg, domin kusan awa goma sha takwas a kan hanya, zuwa da dawowa, ba ƙaramin kaso ba ne na ɗan gajeren hutu. Ranar Litinin yaran suka yi darasinsu na ƙarshe har zuwa sha biyu, muka mayar da kayan haya, muka kama hanya da ƙarfe ɗaya, muka isa Bonn wajen tara da rabi na dare.