Hattara da masu tallar "gida a bakin teku" a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Birtaniya da waɗanda ke gida suna neman inda za su saka kuɗinsu a nan. Akwai wata talla da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp, an kuma kai ta Facebook, ta wani "ƙaramin gida a bakin teku" a Hove, kusa da Brighton. Hoton kam ya ɗauku: ɗakunan katako jere reras, wannan ƙofarsa shuɗiya, wancan ruwan ɗorawa, ga teku a gabansu. An ce fam 18,000 kacal, wai mai shi zai koma gida ne shi ya sa ya karyar, kuma duk wanda ya riga tura kafin alƙalami na fam 2,000 shi ke da kaya. Don Allah kada wanda ya tura ko sisi.

Da farko dai abin da ke cikin hoton ba gida ba ne. Bukkar katako ce da Turawa ke shan iska a cikinta da rani, inda suke canza kaya, su ajiye kujerun naɗi da rishon dafa shayi. Da yawansu mutum in ya miƙe ƙafa ya taɓa bango. Ba banɗaki, galibi ba ruwa ba wuta, kuma a mafi yawan garuruwa doka ta hana kwana a ciki. Tsohuwar al'ada ce a wurinsu. A Bournemouth har allo aka manna wa wata da ke nuna tun 1909 aka kafa ta. Son da suke musu ne ya sa kuɗinsu ya wuce hankali. A Southwold ana sayar da guda fiye da fam 100,000. A Mudeford, cikin Dorset, inda aka yarda a kwana daga watan Maris zuwa Oktoba, an sha kiran farashi sama da fam 400,000, a wurin da mota ma ba ta shiga sai dai ƙafa ko jirgin fito ko ɗan jirgin ƙasa mai tayoyin roba na 'yan yawon shaƙatawa. Irin waɗannan labarai ɗan damfara ke nuna maka, don ka ga 18,000 kamar tsintuwa.

Ga inda maganar take. A mafi yawan wurare, wanda ya sayi bukka katakon kawai ya saya. Ƙasar da take kai ta ƙaramar hukuma ce, ko ta wani mai fili. Kamar dai rumfa a kasuwar gari: kai ka kafa, kai ke shara, amma in sunanka ba ya littafin hukumar kasuwa, ranar da aka zo duba takarda kai baƙo ne. Abin da ke ba mutum damar zama shi ne lasisin da hukuma ke bayarwa, ana biyan kuɗinsa duk shekara, daga ɗaruruwan fam zuwa dubbai, gwargwadon wuri. In za a sayar, hukumar ce ke cire sunan tsohon mai shi ta sa na sabo, kuma wurare da dama sai an biya ta kuɗin sauya suna, wanda ba kaɗan ba ne. Saboda haka cinikin da hukuma ba ta sani ba, bai ƙullu ba, ko da mai sayarwar na gaskiya ne, balle ɓarawo.

Na kira lambar da ke jikin tallar don in ji da kunnena. Hausarsa tsab, har da gaisuwar iyali da tambayar sanyi. Na ce, "Malam, mece ce lambar bukkar? Ina so in rubuta wa hukumar gari in ji ko sunanka ne a lasisi."

Sai ya ce, "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai Bature ya shiga? Ai kuɗi kawai za su yanke mana. Ka turo kafin alƙalamin tukuna, takardu duk suna wajen lauyana. Wallahi mutum uku ke bina, don dai kai namu ne."

Na ce masa ni ba a Brighton nake zaune ba. Ya ce ba komai, ko daga Kano mutum zai iya saya, ya zo hutu ya kwana da iyalinsa, sauran watanni ya ba da haya. Nan ya gama tona kansa. Hukumar Brighton da Hove mazauna garin kaɗai take ba lasisin bukka, ba ta yarda a kwana ba, har kalar fentin da za a shafa ita ke faɗa. Da na nemi mu haɗu a bakin bukkar ya buɗe kwaɗon a gabana, sai tafiya ta taso masa. Asusun da ya turo kuma sunan wani ne daban, wai ɗan uwan matarsa.

Wannan "kai namu ne" shi ya fi ba ni takaici. Da Bature ne ya zo da maganar, da dukkanmu sai mun tambayi takarda. Amma da yake da harshenmu aka yi sallama, sai kunya ta hana mutum tambaya, ya ga kamar rashin yarda ne da ɗan uwa. Da kunyar tamu suke ci.

Ya kuma turo min hoton wata "takardar mallakar fili" mai hatimi da tambarin sarauta. Bukkar da ke kan lasisi ba ta da irin wannan takarda, tunda ba fili aka sayar ba, shi ya sa ma bankuna ba sa ba da bashin sayen gida a kanta. Akwai 'yan tsiraru da ake sayarwa tare da ƙasarsu. Waɗannan lauyan da kai ka ɗauka ne zai duba su a ofishin rajistar filaye, ba lauyan mai sayarwa ba. Haka nan in an nuna maka rajistar kamfani a Companies House, wato ofishin rajistar kamfanoni na Birtaniya, kada ta ruɗe ka, buɗe kamfani a nan ba wuya gare shi ba. Dillalin gidaje na gaskiya dole ne ya kasance cikin ɗaya daga cikin hukumomin sauraren koke, Property Ombudsman ko Property Redress Scheme, kuma ana iya duba sunansa a shafinsu.

Mutanen gida kuma, an ce ana gaya musu sayen bukkar zai taimaka wajen samun biza. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko katafaren gida ka saya a Landan ba ya ba ka izinin zama, bizar masu zuba jari ma an rufe ta tun Fabrairun 2022. Masu cewa ku haɗa kuɗi mutum goma kowa ya samu kaso, ku tambaye su sunan wa zai hau lasisin, sannan wace hukuma ce ta yarda a ba da hayar.

Akwai kuma ƙaramar damfarar da ke zuwa da zafi ya shigo: hayar bukka ta yini ko ta mako. Mutum ya biya, ya kwaso yara da kular shinkafa, ya tarar da wata tsohuwa zaune a ƙofa da jaridarta, ba ta taɓa jin sunansa ba. Mai son haya ya bi ta shafin ƙaramar hukumar garin, da yawansu suna bayarwa da kansu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya tsaya jiran alƙawarin za a mayar masa. Ya kira bankinsa yau. Lambar 159 tana haɗa mutum kai tsaye da yawancin bankunan Birtaniya. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta tilasta wa bankuna biyan wanda aka yaudara ya tura kuɗi, har zuwa fam 85,000, in an kai kuka cikin wata 13. Sai dai tsakanin asusun Birtaniya ne kawai. Wanda ya tura daga Najeriya, ko ta hannun ɗan canji, ko kirifto, ba ta shafe shi ba; shi sai bankinsa da EFCC. Ku ɗauki hoton hirar, da lambar wayar, da lambar asusun kafin ya goge, ku kai wa 'yan sanda, sannan ku sanar da masu kula da zauren da kuka ga tallar su cire ta.