Me za ka saya don ɗaukar hoton gungun taurari?

Mai son ɗaukar hoton gungun taurari (galaxy) mai murɗaɗɗun hannuwa yakan fara tambayar wane madubin hangen nesa ya fi girma. Ni dai mazauni zan ce ya fara dubawa, wato abin da ke ɗauke da kyamarar. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, hasken gungun kuma dishi-dishi ne, sai an bar kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi ko mintoci. In mazaunin bai bi tafiyar sama ba, taurari su fito a jaye kamar ƙwayar shinkafa. Shi ya sa madubin Dobson mai faɗin milimita 200, duk da ido na more shi, bai dace da wannan aiki ba, da hannu ake tura shi.

In gungun Andromeda ne burinka, abin da sauƙi. Haskenta na yin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu, amma faɗinta a sama ya kai na wata shida a jere. Kyamarar da kake da ita, da gilashin kyamara (lens) mai milimita 135 ko 200, da ƙaramin mazauni irin Star Adventurer mai ɗaukar kilo 5 sun wadatar. Sai dai ka koyi saita shi da Tauraron Arewa, a nan ake shan wahalar farko.

Wanda ba ya son wannan ɗawainiya, akwai irin Seestar S50, ƙaramin madubin hangen nesa mai haɗe da kyamara da mazauninsa. Ka ajiye shi, ka zaɓi gungu a wayarka, shi zai nemo, ya riƙa tara hotunan daƙiƙa 10. Yana aiki ƙwarai, amma ba ka canja masa gilashi ko kyamara. Ran da ka fi ƙarfinsa, sabon sayayya ne.

M51 kuwa, wani gungun ne daban, faɗinta a sama kusan sulusin wata ne, tana son madubi mai tsawon milimita 1000 ko kusa, da mazauni mai nauyi kamar EQ6-R, da ƙaramar kyamara ta biyu mai gyara masa tafiya. An rubuta kilo 20 yake ɗauka, amma don hoto kada ka cika masa kaya. Ban ba sabon shiga shawarar farawa da shi ba.

Matatar hasken gari kuma, wato gilashin da ke rage hasken fitilun gari a hoto, ka riƙe kuɗinka. Gungun taurari na fitar da haske kowane launi, matatar sai ta tace har da shi. Gara ka fita wuri mai duhu a daren da babu farin wata, ka haɗa hotunan da Siril, manhaja ce ta kyauta.