Ƙwararru kaɗan ko idanu masu yawa?

Jariri ya zo lafiya, kwana uku sai ya ƙi nono, yana amai, jiki ya saki. Ana iya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga jini, alhali gado ne: jikinsa ya kasa sarrafa furotin, amoniya, wata guba da ke fitowa daga furotin, ta taru tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Wa za a horar don gano irin wannan cuta? Ana iya horar da ƙwararru kaɗan kan cututtukan gado na tsawon shekaru. Su ne ke tsara abincin mai cutar PKU (wata cutar gadon daban, inda jiki ke kasa sarrafa wani sinadari na furotin) tsawon rayuwarsa, amma da wuya a same su da tsakar dare.

Ko kuma gajeren horo ga likitocin yara da ma'aikatan jinya: su auna amoniya da sukari, su dakatar da nono, su ɗaura ruwan gulukos, sannan su kira ƙwararre. Ni dai da wannan zan fara, domin su jaririn ke fara gani.